Tabkin Madarunfa da masuntansa

1. Ƙasar da ruwa ba ya daɗewa

Ƙasar Tasawa da ta Mayahi ƙasa ce ta tudu da rairayi. Babu manyan duwatsu, babu kogin da ke gudu rani da damina. Ruwan sama yana sauka wata uku ko huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. In an yi ruwa, rairayi ya shanye wani, wani kuma ya gangara kwari ya taru a tabkuna. Dabbobi su sha, magina su ɗebi na kwaɓa ƙasa, yara su yi wanka. Amma da kaka ta wuce, sai tabki ya soma ja da baya. Kafin bazara yawancin tabkunan sun ƙafe, laka ta tsattsage.

Gulbin Kaba ya ratsa ƙasashen nan biyu. Daga Najeriya ya fito, ya bi ta wajen Gazawa, ya shiga ƙasar Tasawa, ya wuce ta Mayahi, ya nufi yamma. Sunansa gulbi, amma yaron Mayahi yana iya girma bai taɓa ganin jirgi a cikinsa ba. Kwari ne mai faɗi, cike da goriba da kaba. Ruwansa yana ƙarƙashin ƙasa, sai an gina rijiya a same shi.

Shi ya sa kifin da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar yawanci daga nesa yake zuwa, an riga an kyafe shi ko an soya. Kifi yana son ruwa mai zama, wanda zai kai shekara bai ƙafe ba. A duk jihar Maraɗi, mafi girman irin wannan ruwa shi ne tabkin Madarunfa.

2. Hanyar Madarunfa

Wanda ya tashi daga Tasawa zai bi babbar hanyar kwalta ya yi yamma. Zai wuce Gazawa, da Agye, da Cadawa, kafin ya kai Maraɗi. Tafiyar wajen kilomita 120 ce. Na Mayahi kuwa kudu zai yi, ya haɗu da babbar hanya a Cadawa. Daga Maraɗi sai a nufi kudu. Madarunfa ba ta kai kilomita 30 ba daga birnin.

Tun kafin a iso, ƙasa takan sāke kama. Rairayi ya ragu, ƙasa ta yi duhu, itatuwa su yi yawa. Ga kuka, ga ƙirya, ga faru. Sai a hango ruwa shimfiɗe kusa da gari, da ƴan jirage a kansa kamar ƙwarya cikin baho.

Faɗin tabkin ba ɗaya ba ne kullum. A ƙarshen damina yakan cika ya malala cikin ciyawa. Da bazara ya janye, manoma su bi laimar da ya bari su yi shuka. Tsuntsaye suna da yawa: balbela, zalɓe, kirinjijiya, dinya. Da sanyi wasu tsuntsaye sukan zo tun daga ƙasashen Turai, su yi watanni, sa'an nan su koma.

Saboda waɗannan tsuntsaye da kifaye da itatuwa, a shekarar 2019 an sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye. Ana kiran yarjejeniyar da sunan Ramsar, wani gari na ƙasar Iran inda aka sa mata hannu a 1971. Filin da aka rubuta na Madarunfa hekta 524 ne. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Ya ɗan fi filin ƙwallo girma.

Mutanen wurin suna cewa akwai kushewun waliyyai 99 kewaye da tabkin. Baƙi suna zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya. Don haka mai zuwa kallon ruwa ya kamata ya zo da ladabi, ban da ihu da wasan banza kusa da kushewa.

3. Daga ina ruwan yake zuwa?

Ruwan da ke sauka a kan tabkin kaɗai ba zai cika shi ba. Yawancin ruwansa daga kudu yake gangarowa, inda damina ta fi ƙarfi. Gulbin Gabi yana kawo nasa ya zuba. Kusa da nan kuma Gulbin Maraɗi yake wucewa. Shi wannan daga ƙasar Katsina ya taso, inda ake kiransa Gada. Ya shigo Nijar, ya bi ta Madarunfa, da Maraɗi, da Tibiri, da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Gulbin Rima.

Tabkin Madarunfa kwari ne da ruwa ya samu ya zauna, ba wanda ya gina shi. Amma mutane ma suna iya tsare ruwa. Abin da suke ginawa shi ake kira madatsar ruwa. Ga yadda ake yi. A nemi wurin da gulbi ya matse tsakanin tuddai biyu ko duwatsu biyu. A gina bango mai kauri na ƙasa da dutse daga wannan gefe zuwa wancan. In ruwa ya zo, ya tarad da bango, sai ya taru a bayansa ya zama babban tabki. A gefe ɗaya akan bar mafita, don in ruwa ya yi yawa ya wuce ta can, kada ya haye bango ya karya shi. Akwai kuma ƙofofi da ake buɗewa a saki ruwa zuwa gonaki da rani.

Ƙasa mai duwatsu ta fi daɗin wannan aiki, don bango gajere ya isa ya rufe kwazazzabo mai zurfi. A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, akwai irin waɗannan madatsu tsakanin duwatsu: ta Ibohaman kusa da Keita, da na Mozage da Zango masu ba gonakin Birnin Ƙonni ruwa.

Akwai wata babba a kan Gulbin Maraɗi kansa, a Jibiya, cikin jihar Katsina, ba nisa da iyaka. An gina ta a ƙarshen shekarun 1980. Wurin ba matsattse ba ne, don haka bangon ya yi tsawo: ya fi kilomita 3 da rabi, tsayinsa kuma ya fi mita 20. Da yake ƙasar mai rairayi ce, sai da aka shimfiɗa wata irin leda mai kauri a jikin bangon don kada ruwa ya tsiyaye. An yi ta don ta riƙe ruwa mita-kubu miliyan 142. Mita-kubu ɗaya lita 1000 ne, wato cikin tano biyar masu lita 200.

Madatsar ta ba mutanen Jibiya ruwan sha, da na noman rani, da wurin su. Amma ruwan da aka tsare a sama, na ƙasa ba su gan shi ba. Tun da aka gina ta, ambaliyar da ke jiƙa fadamar Maraɗi kowace shekara ta ragu. Gulbi ɗaya ne, ƙasashe biyu ke sha. Shi ya sa a ranar 18 ga Yuli 1990, a Maiduguri, Nijar da Najeriya suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka haɗa. Gulbin Maraɗi yana ciki.

4. Kifayen tabki

Kifi yana shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa. Yana buɗe baki ruwa ya shiga, ya fita ta ƙarƙashin marfin kumatunsa, inda wasu jajayen tsoka ke tace iskar. In aka fid da shi tudu, ba ya daɗewa. Amma kowane kifi da halinsa.

Karfasa faffaɗa ce, mai ɓawo, da ƙaya jere a gadon baya. Tana cin gansakuka da ƙananan tsirran ruwa. Lokacin haihuwa, namiji yakan share ɗan gurbi a ƙasan ruwa. Mace ta saka ƙwai ɗaruruwa a ciki, sa'an nan ta kwashe su cikin bakinta. Haka za ta riƙe su wajen mako biyu, ba ta cin kome, har su ƙyanƙyashe. Ko bayan ta sake su, in ƴaƴan suka ji tsoro sai su ruga su koma bakin uwa. Wanda ya kama karfasa mai ƙwai a baki, kifi ɗaruruwa ya kashe da hannu ɗaya.

Tarwaɗa ba ta da ɓawo. Jikinta santsi, kanta faffaɗa, ga gashin baki da take laluben abinci da shi cikin ruwa mai laka. Tana iya shaƙar iskar sarari. Saboda haka takan rayu a ruwan da wasu kifaye suka mutu, har takan ja jiki cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare ta koma wani ruwa. Da farkon damina take shiga ciyawar da ruwa ya rufe ta saka ƙwai. Mai kama ta ya lura da ƙayar da ke gefen wuyanta, sukarta da zafi.

Gaiwa ta fi su duka ban mamaki. Doguwa ce kamar maciji, tana da huhu. In tabki ya soma ƙafewa, sai ta shige cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi. Yauƙin ya bushe ya zama kamar jaka, da ɗan rami na shan iska. A nan za ta kwanta watanni har damina ta dawo. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci. Gaskiya ne: a kwanakin nan naman jikinta ne ke narkewa sannu sannu yana riƙe ta. Wannan dabara ce ta sa ake samun gaiwa har a tabkunan da ke ƙafewa. Mai haƙar laka da rani yakan tono ta da ranta.

Giwan ruwa shi ne babba. Ƙananan kifaye yake ci. A manyan koguna da tabkuna yakan fi mutum nauyi. Yana son ruwa mai zurfi. Inda ruwa ya ragu, shi ke fara ɓacewa.

Ma'aikatan gandun daji sukan ɗauki ƴaƴan kifi daga wani ruwa su zuba a tabkunan da ke daɗewa ba su ƙafe ba. Ta haka ƙauyen da bai san su ba yakan wayi gari da kifi.

5. Masunta da kayan aikinsu

Su sana'a ce ta gado, mai shugaba. Shugaban masunta shi ne Sarkin Ruwa. Shi ke sasanta rigima in kayan wani sun hau na wani, shi ake nema in ruwa ya ci mutum. Baƙon da ya zo bakin tabki yakan fara gaida shi. Yaro ya durƙusa ya ce: «Ranka ya daɗe.» In ya tarad da dattijo yana gyaran kayansa, ya ce: «Sannu da aiki, Baba.» Kada ya taka koma ko ya tsallake ta.

Ga kayan da aka fi gani:

Kalli raga ce doguwa. A gefen sama an ɗaura abubuwa masu yawo a kan ruwa, a gefen ƙasa an sa dalma ko ƙananan duwatsu. Sai ta tsaya cikin ruwa kamar danga. Ana kafa ta da marece, a duba da asuba. Kifin da ya zo wucewa ya sa kai cikin ido, ya maƙale.

Birgi raga ce mai kewaye, da dalma a bakinta. Masunci yakan tattara ta a hannu da kafaɗa, ya juya, ya wurga. Ta buɗe a sama kamar faifai, ta faɗa ta rufe kifi. Koyon jifan birgi yana ɗaukar watanni.

Mamari igiya ce doguwa da ƙugiyoyi masu yawa jere a jikinta. Gura kuwa tarko ne kamar kwando mai raga, ana sa curin dusa a ciki. Kifi ya shiga, ya kasa fita. Fatsa ita ce ta yara da masu koyo: sanda, zare, ƙugiya, da tana.

Wanda ba shi da jirgi yakan hau gora. Babban gora ne mai ɗan baki a sama. Masunci ya kwanta da ƙirji a kansa, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa. Kifin da ya kama ya jefa ciki.

Da hantsi jirage suke dawowa. Mata da ƴan kasuwa suna jira a bakin ruwa. Kifi ba ya jure zafi, dole a yi sauri. Wani a kai Maraɗi ɗanye. Wani a soya. Wani a fede, a jera a kan waya bisa murhu, hayaƙi ya kyafe shi ya zama banda. Banda ita ce ke iya kai wa kasuwannin nesa ba ta lalace ba. Daga kifi ɗaya, masunci ya samu, mai suya ta samu, mai itace da mai mota su samu. Mai ci kuma ya samu abinci mai gina jiki, irin wanda yara ke bukata don su girma.

Su yana da doka. Nijar ta yi dokar su a 1998, ta sabunta ta a 2021. Mai sana'ar su sai ya karɓi takardar izini. An hana zuba guba cikin ruwa, an hana abin fashewa, an hana raga mai ƙananan idanu. Masunta suna auna idon raga da yatsu: mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu. In ido yana da faɗi, ƙaramin kifi ya wuce, ya girma, ya haihu. In ido ƙarami ne, sai a kwashe uwa da ƴaƴa. Mafi muni shi ne su da sange, wanda aka raba don kare mutane daga sauro. Sange ba ya barin ko ƙwai. Mai yin haka ya cika kwando bana, baɗi kowa ya jefa birgi ya jawo ciyawa. Don wannan dalili a wurare da yawa akan rufe ruwa ƴan watanni, lokacin da kifi ke haihuwa.

6. Shiga jirgi

A da, ana sassaƙa jirgi daga gungume ɗaya na babban itace, kamar maɗaci. Manyan itatuwa sun yi wuya, sai aka koma haɗa katakai da ƙusa, a toshe tsakaninsu da tsumma da kwalta. Inda ruwa ba zurfi, matuƙi yana tsayawa a baya ya tokari ƙasa da doguwar sanda. Inda sanda ba ta kai ba, ya zauna ya yi tuƙi da filafili. Kullum akwai ƙwarya ko gwangwani a ciki don kwarfe ruwan da ya shigo.

Me ke sa jirgi ya tsaya a kan ruwa da mutane a ciki? Ana iya gwadawa a aji. A cika baho da ruwa, a ɗora ƙwarya. Za ta ɗan nutse kaɗan ta tsaya, don ruwan da ta ture yana tura ta sama. A riƙa sa tsakuwa ɗaya ɗaya. Kowace tsakuwa tana ƙara kusantar da bakin ƙwarya ga ruwa. In bakin ya kusa taɓa ruwa, a ɗan girgiza baho: ruwa zai shiga, ƙwarya ta nutse nan da nan. A sake gwadawa, a tara tsakuwa gefe ɗaya: ƙwarya za ta karkace ta kife tun ba ta cika ba.

Abin da ya sami ƙwarya shi ke samun jirgi. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, cikin jihar Kano, wani jirgi ya ɗauki mutane fiye da ƙarfinsa. Ya kife. Mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara ne ƴan makarantar Islamiyya da za su wurin Mauludi.

Ga ka'idojin shiga jirgi:

Ba a shiga sai da izinin babba, kuma da matuƙin da ya san ruwan.
In matuƙi ya ce jirgi ya cika, ya cika. Sauran su jira.
A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna ƙasa, rabi dama rabi hagu.
Ba a miƙewa tsaye, ba a sauya wuri, ba a taruwa gefe ɗaya don kallon wani abu.
In akwai rigar da ke hana nutsewa, a sa ta, a ɗaure.
In hadari ya taso ko iska ta yi ƙarfi, ko rana ta faɗi, a zauna tudu.

In wani ya faɗa ruwa, wanda bai iya iyo ba kada ya bi shi, don kada gawa ta zama biyu. Ya yi kururuwa, ya miƙa sanda ko igiya, ko ya jefa masa gora ko bido marar kome mai rufaffen baki.

Akwai kuma maganar hanya. Ɓarayin shanu da masu satar mutane sun dami ƙauyukan kan iyaka, wajen Madarunfa da Jibiya. A 2019 dubban mutane sun gudo daga Najeriya zuwa jihar Maraɗi saboda su. Makarantar da ke son kai ɗalibai ziyara sai ta nemi izinin iyaye da na hukuma, a je da rana, a dawo da rana.

7. Ciwon da ke cikin ruwa

Ruwa mai zama yana ɗauke da tsargiya. Ga yadda take yawo. Mai ciwon ya yi fitsari cikin tabki, ƙwan tsutsa ya fita tare da fitsarin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyawar bakin ruwa. A can take yawaita. Bayan ƴan makonni ta fito, ido ba ya ganinta. In yaro ya shiga wanka, ta huda fatarsa ta shiga jini. Daga baya sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu suna tsammani alamar girma ce ga ɗa namiji. Ciwo ne, yana rage jini, yana ɓata mafitsara.

Tsargiya tana da magani. Tun 2004 ake raba ƙwayoyinta a makarantun Nijar, ana auna tsayin yaro a ba shi daidai da shi. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa wa iyayensa a kai shi likita. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin tabki ko a bakinsa. Ruwan tabki kuma ba a shan sa sai an tace an tafasa. Kakanni sun sha wahalar kurkunu saboda irin wannan ruwa. Da tace ruwa da gina rijiyoyi aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu shi a Nijar.

8. Yashi

Rana tana shan ruwan tabki. A ƙasa mai zafi irin ta Maraɗi, ruwan da ke tashi sama a shekara ya fi mita 2, wato tsayin ƙofar aji. Tabki mai zurfi yana jure wannan. Marar zurfi ya ƙafe.

Abin da ke rage zurfin tabki shi ne yashi. In an sare itatuwan tudu, ƙasa ta zauna tsirara. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, ya kwashi ƙasar gona, ya yanka korama, ya kai kwari. Da ruwa ya shiga tabki sai gudunsa ya mutu, yashi da laka su kwanta a ƙasa. Bana kaɗan, baɗi kaɗan. Manomi ya rasa ƙasar gonarsa, masunci ya rasa zurfin ruwansa. Tabkin Madarunfa yana fama da wannan. Madatsu ma ba su tsira ba: laka ta rage ruwan da ta Ibohaman ke riƙewa ƙwarai.

Kwashe yashi daga cikin tabki aiki ne mai tsada. Tsare shi a tudu ya fi sauƙi. Manoma sun san hanyoyi. Ana jera duwatsu a gicciye, ruwa ya rage gudu. Ana haƙa ramuka masu siffar rabin wata, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Akwai kuma sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980. Manomi ba ya tumɓuke kututture in yana sharar gona. Yakan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya yanke sauran, ya kiyaye su har su zama itace. Ta haka gawo, da kalgo, da sabara suka dawo gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar, musamman a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Tabkin da ke bayan ƙauye a ƙasar Tasawa ko Mayahi ƙarami ne, amma hanyar mutuwarsa ɗaya ce da ta babba. In tudun da ke kewaye da shi yana da itatuwa da ciyawa, ruwa yana iso shi a hankali, ba yashi da yawa, ya daɗe bai ƙafe ba. Tabkin da ya daɗe shi ake iya zuba wa ƴaƴan kifi.

Ma'anar kalmomi

Madatsar ruwa: bangon da ake ginawa a tare gulbi, da ruwan da ya taru a bayansa.
Kwazazzabo: rami mai zurfi da ruwa ya yanka tsakanin duwatsu ko tuddai.
Filafili: katako mai faffaɗan baki da ake tuƙa jirgi da shi.
Kwarfe: ɗebe ruwa a zubar waje.
Banda: kifi ko nama da aka busar da hayaƙi.

Tambayoyi

1. Don me ba a ganin jirgi a Gulbin Kaba?
2. Mene ne bambancin tabkin Madarunfa da madatsar Jibiya?
3. Yaya gaiwa take rayuwa in tabki ya ƙafe?
4. Don me aka hana su da sange?
5. Ta yaya tsargiya take tashi daga mutum zuwa wani?
6. Ina yashin da ke cike tabki yake fitowa?

Lissafi

Mita-kubu ɗaya yana cika tano 5. Tano nawa mita-kubu 240 zai cika?

Aiki

Ku zana taswirar hanya daga garinku zuwa Madarunfa, ku rubuta sunayen garuruwan da ke kan hanya.
Ku tambayi wani tsoho a unguwarku: a wane wata tabkin garinku yake ƙafewa lokacin da yake yaro, a wane wata yake ƙafewa yanzu? Ku rubuta amsarsa, ku karanta a aji.